Ƙayar da Ka Manta a Taswirarka

Gidan Malam Mika'ilu,
Kanyar Gabas, bayan Bacirawa,
Ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanena Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a can Kazan ta ƙasar Rasha. Allah ya buɗa maka karatu, ya tsare maka imaninka, ya kare ka daga sanyin ƙasar nan da ka ce har gashin hanci yake daskararwa. Na fara da addu'a saboda haka aka koya mana a gidan nan, kuma har zuciyata nake yin ta. Amma kada ka ga addu'a ka saki jiki, don abin da ke biye da ita ba mai daɗi ba ne. Da hannuna na rubuta, zan ɗauki hoton shafukan in turo maka, tunda ka ce saƙon muryata ya cika tsawo ba ka da lokacin saurare. To ga rubutu nan, ai karatu ka je yi.

Mutanen gida lafiya, gwargwadon hali. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma ta ƙi zama, jiya ma sai da ta buɗe daddawarta ta hana kowa numfashi a tsakar gida. Baba jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Hannun hagu bai dawo ba, ƙafar kuma sai an riƙe shi, amma bakinsa ya saki, ana gane maganarsa sarai idan bai gaji ba. 'Ya'yana kuwa, Sa'adiyya ta kai izu ashirin, Aina'u ta shiga firamare, kullum da rigimar takalmi. Gwaggo Kulu ta zo ta kwana biyu ta koma. Jar akuyar nan da ka ce a ajiye maka sai ranar da ka dawo ta sake haihuwa, tana neman zama kaka tana jiran ka. Zafi ya kai inda ya kai, kowa ya gama sharar gona, ana ta kai taki, kuma kwana uku ke nan hadari yana haɗowa ta gabas yana watsewa. Ka riƙe maganar hadarin nan, zan dawo kanta.

Kamaru, ka cuce mu. Ban ce da gangan ka yi ba, amma hakan bai rage mana komai ba. Bari in tuna maka yadda gonar Baba take, tunda na ga alama shekara huɗu sun goge maka ita. Gabanta kwalta, bayanta gonakin mutanen Unguwar Tudu, ta kudu kuma burtalin shanu ne ya kewaye ta. Idan aka yi girbi aka kwashe kara, mutanen baya sukan ratsa ta tsakiyarta su fito bakin titi don ya fi musu kusa, kuma Baba bai taɓa hana kowa ba. Ƙafa ta yi ta takawa har turba ta fito. Amma ranar da ruwan shuka ya sauka, Baba yakan sari ƙayar aduwa ya jawo ta, ya kira maƙwabta biyu su tsaya, ya toshe bakin turbar gaba da baya a kan idonsu, sannan ya kafce inda aka taka ya zuba iri. Daga ranar kowa sai ya kewaya ta burtali har kaka. Haka ya tarar mahaifinsa yana yi. Ba rowa ba ce, so ake kowa ya shaida cewa aro aka ba shi na rani, don kada wata rana wani ya tashi ya ce hanyar gari ce. Kai kanka ka ja ƙayar nan, har yau tabonta yana ƙwaurinka na dama, ni na cire maka tsinin da allura kana ihu unguwa tana ji. Ka kuma san tun da mahaifin su Sa'adiyya ya rasu na dawo gida, Baba ya yanka mini tsakiyar gonar, daidai inda turbar take bi, ya ce in noma in ci da marayu. Shekara biyun nan da ya kwanta ni nake jan ƙayar. Baffa Yahya yakan ɗora shi a amalanke ya kawo shi bakin gona ya gani da idonsa, maƙwabcinmu Malam Zubair ya tsaya shaida.

Sai ga Alhaji Muntaka. Ba ka san shi ba, bayan tafiyarka ya ɓullo, dillalin filaye ne daga cikin gari. Ya saye gonakin Unguwar Tudu ɗaya bayan ɗaya, ya yanka su fulotai, har wasu sun fara sauke bulo. Matsalarsa guda ce: fulotan ba su da hanyar mota zuwa kwalta, burtali ya yi nisa, ga kwazazzabo a tsakiyarsa. Sau uku yana zuwa wurin Baba da fara'a da lemo a leda, yana neman a sayar masa da tsakiyar gona. Sau uku Baba yana ce masa wurin na marayu ne. Da ya ga lallami bai yi ba sai ya kai ƙara gaban Dagaci, wai dama can hanyar jama'a ce, mu muka cinye ta da noma. Da muka ji dariya muka yi, wallahi har Inna sai da ta dara, don duk garin nan babu wanda bai san ƙayar Baba ba.

Ranar Larabar da ta wuce aka zauna. Muka sa Baba a adaidaita, a ƙofar Dagaci na riƙe hannunsa muka taka a hankali har tabarma. Malam Zubair ya ba da shaida tiryan-tiryan, ya ce shekara talatin da ɗoriya yana tsayawa a kan ƙayar nan, abokin tsayuwarsa ne kawai Allah ya yi wa rasuwa. Na dubi fuskar Dagaci na ce a raina magana ta ƙare. Sai Alhaji Muntaka ya gyara zama, ya ce shi ma yana da shaida ɗaya, kuma ba bare ba ne, ɗan gidan ne, mai ilimi, wanda ba shi da dalilin yi wa mahaifinsa sharri. Ya zaro waya, ya ƙure mata murya, ya ajiye a tsakiyar tabarma. Sai muka ji sallamarka.

Darasi na goma sha ɗaya. Ni ban taɓa kallon darussan nan naka ba, ban ɓoye maka ba. Na san dai kana koya wa Hausawa Rashanci a waya, kuma nakan ji daɗi idan aka ce mini an ga ƙanena. Amma daga Laraba zuwa yau na kalli wannan ya fi sau ashirin, kuma zan biya maka abin da na koya don ka san ba cikin jahilci nake yi maka faɗa ba. Ka ce Rashawa ba su da kalma ɗaya ta tafiya. Wanda yake takawa da ƙafa yanzu, ya nufi wuri guda, kalmarsa daban, wai itti. Wanda ya saba zuwa yana dawowa, hadit. Idan abin hawa ne sai a canza gaba ɗaya, yehat da yezdit, haka dai kunnena ya ji su. Ka ce a nan ɗalibai suke faɗuwa, kai ma ka daɗe kana ce wa mutane da ƙafa ka taka daga Kazan zuwa Mosko suna yi maka dariya. Ka ce akwai kuma 'yan guntayen da ake liƙa wa kalmar a goshi, ta koma shiga, ko fita, ko ratsawa, ko kewayawa, ko ɗan biyawa a wuce. Duk na gane. Ka iya koyarwa, ba zan hana ka wannan ba, kuma shi ya fi ƙona mini rai, don da shirme ka yi babu wanda zai tsaya ya saurare ka.

Sai ka ce abin ba ya zama a ka sai da hoto, bari ka zana musu garinku. Ka ɗauko farar takarda ka zana masallaci, ka zana rijiya, ka zana gidanmu har da darbejiyar ƙofar gida, ka zana gonar Baba da kwalta a gabanta. Sannan ka ɗauki jan biro ka ja layi mai kauri ta tsakiyar gonar, daga baya har bakin titi, ka rubuta hanya a kansa da Hausa da kuma rubutun nan nasu. Ka ce mutanen Unguwar Tudu suna bin hanyar nan kowace rana, rani da damina, tun kafin a haife ka, don haka hadit za a ce. Ka faɗa sau uku, ka ce su maimaita. Da ka zo kan abin hawa ka rasa misali, sai kawai ka zana 'yar mota a kan jan layin, ka ce a-kori-kura takan bi ta nan duk ranar kasuwa ta kwaso kaya. Wace a-kori-kura, Kamaru? Ta wa? A gonar da ko keke sai an sauka an tura saboda yashi? Da ka zo kan kalmar kewayawa kuwa, abhadit, wadda ita ce abin da ake yi wa gonarmu rabin shekara cur, sai ka ba wa kare ita, wai kare yana kewaya rijiya. Ka tuna da kare, ka tuna da darbejiya, ka manta da ƙaya.

Da bidiyon ya ƙare Alhaji ya ɗauke wayarsa. Dattawa suka sunkuyar da kai, mutanen Alhaji suna murmushi, ni kuwa ji na yi an kwance mini zani a kasuwa. Dagaci mutumin kirki ne, ya ce shi kansa ya san ƙayar Malam Mika'ilu tun yana saurayi. Amma ya ce idan ya yanke hukunci Alhaji zai wuce da maganar gaba, a can kuwa ba su san ƙaya ba, abin da ke cikin waya za su kalla, su ga ɗan mai gona ya zana hanya da hannunsa har ya ɗora mata mota. Ya ce ba zai iya kare gidan da bakinsa ya rabu biyu ba. Sai ya juya wajen Baba, ya sassauta murya, ya ce abu ɗaya yake so ya ji daga bakinsa a rubuta a rufe maganar a nan, wato ko abin da ɗansa ya faɗa ƙarya ne.

Ina zaune a bayansa ina kallon ƙeyarsa. Na tsorata ko bakin ne ya sake riƙewa. Hannunsa mai lafiya yana ta murza gefen tabarma. Can ya ce, kowa yana ji, shi bai haifi maƙaryaci ba. Dagaci ya sauƙaƙa masa, ya ce to ko kuskure yaron ya yi. Baba ya ce yaron yana da baki, kuma ba ya nan, shi ba zai tozarta shi a bayan idonsa ba. Idan akwai gyara, mai maganar ya gyara da kansa. Baffa Yahya ya yunƙura zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu, ka kuwa san Baffa ba ya tsallake maganar wansa. Dagaci ya ba mu mako biyu. Ya ce idan gyara bai zo daga bakinka ba, zai bari a zo a auna hanya.

Wannan ne abin da ba ka bari na gaya maka ba ranar Alhamis. Na kira ka, ina fara cewa an kunna bidiyonka a gaban Dagaci sai ka fashe da dariya, ka ce ashe har fada darasinka ya kai. Ka ce misali ne kawai, babu mai hankalin da zai ɗauki misalin aji ya mai da shi shaida. To ga masu hankali nan sun ɗauka, har da masu rawani. Na ce ka goge shi, ka ce ba zai yiwu ba, shi aka fi kallo a duk darussanka, malamarku ma tana nuna wa sababbin ɗalibai taswirar, kuma idan ka cire na sha ɗaya na sha biyu ba zai fahimtu ba. Sannan ka faɗi wadda har in mutu ba zan manta ba. Ka ce in daina tsoron ci gaba, ai idan titi ya ratsa gona daraja take ƙarawa, gari ne ya zo mana har gida. Kafin in haɗiye wannan ka ce bas ɗinku ta iso, za ka kira ni. Yau Asabar.

Bari in gaya maka abin da ci gaban naka zai ci. Hanyar da Alhaji yake so ta mota biyu ce su gifta juna, da magudanar ruwa hagu da dama. Na je da igiya na auna a wurina. Abin da zai rage mini kunyoyi huɗu ne ta arewa, uku ta kudu, sai kukar kan iyaka, ita ma sun ce reshenta zai tare tifa. A wurin nan nake samun geron da ke riƙe mu, da wake, da gyaɗar da nake ƙuli-ƙuli, da kuɓewar da Inna take busarwa. Ba ni da miji, 'yar Islamiyyar da nake koyarwa kuwa ka san don lada ce. Darajar me za ta ƙaru, ta kunyoyi bakwai? Su Sa'adiyya ƙurar tifa za su ci? An kai ka inda ake koyon kalma goma a kan tafiya ɗaya, ni an bar ni da fartanya, kuma Allah ne shaida ban taɓa yi maka baƙin ciki ba. Ni na goya ka a bayan nan da yanzu yake mini ciwo. Abin da ban taɓa zato ba shi ne ka zauna a ɗaki mai ɗumi ka ja jan biro ta tsakiyar tuwon 'ya'yana, in kira ka kuma ka yi mini dariya.

Na san abin da za ka ce, don na san ka tun kana cin ƙasa. Za ka ce ba ƙarya ka yi ba, sauƙaƙawa ka yi don ɗalibai su gane. Tun kana ƙarami haka kake, idan labari bai yi maka yadda kake so ba sai ka gyara masa zama. Kai ne ka ce wa Gwaggo Kulu ka ga kura a burtali alhali jakin Baffa ne. Lokacin dariya muke yi. Amma ka iya tsayawa ka bambance wa ɗalibanka wanda ya shiga da wanda ya ɗan leƙa ya wuce, kana jan kunnensu kada su haɗa su Rashawa su raina su. A kan harshen mutane ka yi kaffa-kaffa kamar mai ɗauke da ƙwai, a kan gonar ubanka kuwa ka faɗi duk abin da ya zo bakinka. Da ka ce da rani ake bi, da ba mu shiga wannan ba.

Ga wanda ya fi mini ciwo. Tun ranar Laraba Baba bai ƙara ambaton gona ba, amma kullum bayan la'asar sai ya sa Sa'adiyya ta kawo wayata ta kunna masa darasin. Da farko na ɗauka yana neman inda zai kama ka ne. Ashe muryar yake saurare. Wata biyar rabon da ka kira shi ku yi hira, sai gaisuwar tsaye, yanzu kuwa ga minti ashirin cur na muryarka, ko da a kansa take ba da shaida. Idan ka ce su maimaita sai in ga leɓensa yana motsi. Jiya na same shi yana gaya wa Malam Zubair wai Kamaru ya zama malami, a ji yadda yake jera bayani daki-daki. Malam Zubair ya rasa inda zai sa idonsa. Ni 'yar fari ce, ko sunana Baba ba ya kamawa, naka kuwa yana bakinsa safe da yamma. Ban taɓa jin zafin haka ba sai makon nan.

Da ya ji na kira ka ranar Alhamis ya sa aka kira ni ɗakinsa. Ya ce kada in sake tayar maka da maganar, kana da jarrabawa a gabanka, kana ƙasar mutane ba za a ɗora maka damuwar gida ba. Ya ce idan wurin ya tafi zai yanka mini wani ta gefen burtali. Shi ya sani, ni na sani, gefen burtali fako ne, ko tsidau ba ya son wurin. Na ce to. Shekarata talatin da takwas ban taɓa ce wa Baba to ba sannan in juya in yi akasin haka, sai yau da nake rubuta maka wannan. Shi ma kai ka jawo mini, kuma ban yafe shi da sauƙi ba.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Ban ce ka zo ba, na san nisa, kuma na daina sa rana. Ban ma ƙara cewa ka goge darasinka mai farin jini ba, Alhaji ya riga ya sauke shi a wayarsa. Ka zauna inda ka zauna, ka ɗauko taswirar nan da hannunka, ka faɗi sunanka da na mahaifinka. Ka ce babu hanya a gonar Malam Mika'ilu, turbar rani ce ta aro, ana toshe ta da ƙaya ranar ruwan shuka a gaban shaidu, kai ma ka taɓa jan ƙayar. Ka ce mota ba ta taɓa bi ta wurin ba, kai ka ƙirƙire ta don darasi. Ka zana ƙayar a bakin layin nan gaba da baya. Sannan ka ɗora shi inda ka ɗora na farko kowa ya gani, ba wayata kaɗai ba, don kada Alhaji ya ce matsa maka muka yi ka faɗa a ɓoye. In kunyar ɗalibanka kake ji, ka mai da shi darasi mana, ai ka iya. Ka koya musu kewayawa da gonar da ake kewayawa da gaske, ka sallami karen nan ya huta. Za su ga malaminsu ya yi kuskure, wasu su yi maka dariya a ƙasan bidiyon. Su yi. Mu an yi mana a gaban Dagaci ba mu mutu ba.

Na ce zan dawo kan hadari. Na riga na sari ƙayata, tana jingine a bayan rumbu, hannuwana duk sun yi kaca-kaca. Ko gobe ruwan ya sauka zan ja ta in toshe turbar kamar kowace shekara, Malam Zubair ya ce zai tsaya mini. Amma Dagaci ya aiko cewa kada in zuba iri a wurin sai an gama zama, kada a zo a tone shuka. Idan gyaranka ya iso da wuri zan kai masa ya sake mini wurin. Idan ka tsaya jan ƙafa, ruwan farko zai wuce ni ina tsaye ina kallon kowa yana shuka.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka, kuma ba ta san ina wannan rubutu ba. Baffa Yahya da iyalinsa suna gaisuwa. Gwaggo Kulu ta bar maka addu'a kafin ta tafi. Malam Zubair yana gaishe ka, gaisuwar dattijon da muryarka ta ƙaryata a bainar jama'a da furfurarsa, sai ka san yadda za ka amsa ta. Sa'adiyya da Aina'u suna gaida kawunsu. Aina'u tana ta yawo a tsakar gida tana hadit, hadit, ba ta san abin da ake ciki ba. Ka gaishe mini da abokin ɗakinka Abdulkabir na Rimin Gado. Baba bai ba ni gaisuwa ba tunda bai san da takardar ba, amma ka san da ya sani da tasa ce a farko.

Saura kwana goma sha ɗaya. Idan Larabar ta zo muryarka ba ta iso ba, ka sani ba zan sake zama a bayan Baba in yi shiru ba. Zan miƙe a gaban Dagaci da Alhaji Muntaka da duk wanda ya zo kallo, in faɗi kalmar da Baba ya gwammace ya rasa gona da ya faɗe ta. Zan ce ƙanena Kamaruddeen ɗan Malam Mika'ilu maƙaryaci ne, in ce a rubuta. Baba yana zaune a gabana zai ji, ban san ko jikin nan nasa zai ɗauka ba, ban kuma san ko zai ƙara duban fuskata ba. Na yi kuka a kan wannan, na auna shi da abincin marayu, kuma na zaɓa. Kai kaɗai ne za ka iya hana ni miƙewa.

Allah ya kiyaye ka, ya shirye ka.

Yayarka da ta goya ka,
Tahira Mika'ilu.